Hazon bana da bam ɗin Faransa: muhawara a zauren 'yan uwa

Kawu Bello: Salamu alaikum. An turo mini wani saƙon murya da ke cewa hazon da ya lulluɓe Bauchi ba ƙura ce zalla ba. Wai yana ɗauke da gubar bama-baman nukiliya da Faransa ta gwada a hamadar Aljeriya, kuma wai shi ke jawo ciwon daji a Arewa. Mai maganar har cewa ya yi lokacin gwajin gidajen ƙasa sun tsattsage a Azare da Misau. 'Yan boko, me kuka sani?

Sadiƙu: Kawu, labarin ƙanzon kurege ne. Ina Faransa ina Bauchi?

Malam Garba: Sadiƙu, bi a hankali. Gwajin dai an yi shi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya, mai ƙarfin kilotan 70, wajen ninki huɗu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Huɗu ta tayar a sarari a can, sannan 13 a cikin dutse a In Ekker, har zuwa 1966. Kuma ɗan Bauchi bai kamata ya jahilci wannan ba. Bayan gwaji na uku, a Janairun 1961, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa Najeriya. Wata uku kacal da samun 'yanci fa. Ga kabarinsa nan a garinmu, muna wucewa kullum.

Kawu Bello: To kun ji. Da babu cutarwa, Firayim Minista zai kori jakada?

Anti Rabi: Yaya Bello, maganganu uku mai saƙon ya cakuɗa, a raba su. Ta tsagewar gidaje dai ba ta da ƙafa. Tsakanin Reggane da mu kusan kilomita 2,000 ne. A 1955 Amurkawa sun gina gidaje da gangan a hamadar Nevada, suka zuba mutum-mutumi a ciki, suka tayar da bam don ganin yadda za ta kaya. Waɗanda ke wajen kilomita ɗaya da rabi sun yi kaca-kaca, amma wasu biyu da ke tazarar kilomita 2 zuwa 3 har yau suna tsaye. Iskar fashewa tana mutuwa da nisa. Bangon da ya tsage a Misau a tambayi damina da gara.

Hajiya Talatu: Ni ba gini ne ya dame ni ba. Yaran gidan nan duk tari suke, ido ja wur.

Anti Rabi: Hajiya, ƙurar kanta ta isa ta yi haka, ba sai da nukiliya ba. Mai asma ya rufe hanci, kada ya rabu da maganinsa. Mafi yawan hazonmu ma daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iskar hunturu ke kwaso shi, ta arewa maso gabas. Aljeriya kuwa arewa maso yamma take da mu.

Malam Garba: A nan ne zan ɗan ja da ke, Rabi. A 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar sojoji da aka ɓoye fiye da shekara 50. Ta nuna burbushin bam na farko ya kai Njamena da Bamako cikin 'yan kwanaki. Abin da ya kai Njamena, wa zai rantse bai ratsa sararin Borno da Bauchi ba? Kuma a Fabrairun 2021 wata ƙungiya a Faransa ta auna ƙurar Sahara da ta sauka kan motoci a can, ta tarar da sinadarin siziyom-137, burbushin da fashewar nukiliya ke bari, a ciki.

Sadiƙu: Kai! Ashe da gaske ne?

Anti Rabi: Da gaske ne an samu, Malam, amma ka ƙarasa labarin. Su masu awon da bakinsu suka ce adadin bai kai ya cutar da kowa ba. Na'urorin yanzu suna gano ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mafi haɗari bayan fashewa shi ne aidin-131, wanda ke sauka kan ciyawa, saniya ta ci, ya bi nono ya taru a maƙogwaron yaro. Shi kuwa duk kwana 8 rabinsa ke ƙarewa, tun 1960 ya zama tarihi. Siziyom shekara 30 yake ɗauka kafin ya ragu da rabi, yanzu bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ya saura ba. Wani binciken da aka fitar a 2025 kan ƙurar Maris 2022 ya nuna ma burbushin ya fi kama da na gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet, wanda ya bazu ko'ina a duniya, ba na Reggane ba. Waɗanda aka zalunta da gaske su ne mazauna Reggane da Buzayen yankin In Ekker. A In Ekker, ranar 1 ga Mayu 1962, dutsen ya kasa riƙe fashewar, hayaƙi mai guba ya fito ya bi ta kan sojoji da ma'aikata har da ministocin Faransa biyu. Makiyaya kuma sun yi ta kwasar ƙarafan da aka bari suna amfani da su, ba wanda ya gargaɗe su. Dokar diyya sai 2010 Faransa ta yi ta, kuma 'yan Aljeriya kusan ba su ga komai ba.

Kawu Bello: Duk na ji, ƙanwata. Amma wa ya yi awon? Turawa. Wanda ya ɓoye taswira shekara 50, yau shi zan yarda da ma'auninsa?

Malam Garba: Wannan tambayar taka ce, Alhaji, kuma ban ga laifinta ba.

Anti Rabi: Ni ma ban ce a yarda ido rufe ba. Muna da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da injin nukiliya na bincike tun 2004. Ƙurar da ke kan tagoginmu ta ishe su awo. Amma kafin nan, Yaya, kada ka tura saƙon nan gaba. Mace mai ƙullutu a nono za ta ji ta ce hazo ne, ta fasa zuwa asibiti.

Kawu Bello: Ba zan tura ba. Amma sai na ga sakamakon Zariya kafin in ce mai saƙon ƙarya ya yi.