Wasan kasuwa yana watsewa kafin minti goma, ina mafita?

Assalamu alaikum, malaman rainon yara. Shawararku ake nema.

Ajin yara 22 ne, 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma a waje suke wuni, ƙarƙashin darbejiya. An ware minti 40 don wasan kasuwa: tabarmi uku a matsayin rumfuna, gwangwanayen madara takwas na awo, yashi a madadin gero, tsakuwa a madadin wake. Amma ba ya kai minti goma. Manya uku ne ke kame rumfunan kullum, sauran su zama masu saye, shi kuwa mai saye da ya miƙa kuɗi ya karɓi kaya aikinsa ya ƙare. Daga nan sai watsa yashi da kuka.

An gwada karɓa-karɓa bayan kowane minti biyar, sai yaran suka koma jiran kiran malama, labarin da suke ƙullawa ya mutu. An ƙara ɗan dako da mai shayi. Ɗan dako ya karɓu, har ana rububinsa, mai shayi kam babu mai so.

Ga kuma batun kuɗi. Murafan kwalba an janye su, domin ƙananan na kai su baki, ana tsoron shaƙewa. Ganyen mangwaro kuwa iskar hunturu ke kwashewa.

Wane aiki za a ba mai saye bayan ciniki, don wasan ya ɗore ba tare da malama ta zama sarkin kasuwa ba? Kuma me kuke amfani da shi a matsayin kuɗi, wanda ya fi ƙarfin baki da iska?