Hajiyar biro ɗinmu ta hana ni sakat

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. Ina aiki a wata ƙungiya nan Damagaram, mu huɗu a biro ɗaya. Akwai wata Hajiya da ta haife ni a shekaru, ƙawar gwaggona ce, tare suka yi lakwal, gidajensu na kallon juna a Birni. Ita ta kai takarduna har aka kira ni, kuma da mahaifiyata ta kwanta asibiti kullum sai ta aiko da kwano. To amma in na je alwala, sai in dawo in tarar tana duba hotuna a wayata. Jakata kuwa, buɗewa take ta ɗau turare. Ran Juma'a a gaban maza ta ce mini, "Wai har yanzu shiru, ba labari?" Ga kuma wani da ke duƙowa ta bayan kujerata wai zai nuna mini abu a kwamfuta. Wannan ma a bar shi. Ya zan yi?

Tsohon ma'aikaci: 'Yata, ba a bar shi ba. Na shi ya fi na Hajiya. Ki samu shef ɗinku gobe, a rubuce. Biro ba zaure ba ne.

Maman biyu: Ki sa wa wayar lamba kawai, jaka kuma cikin durowa. Babba ba a kai ƙararta.

Mai tambaya: Na sa lamba, Yaya. Miƙo mini ta yi ta ce in buɗe, na buɗe.

Ɗan Zango: Ke taki da sauƙi. Ni abokin aikina babur ɗina yake ara wai zai leƙa kasuwar Dole, sai la'asar ya dawo ba ɗigon mai, ni kuma in hau kabu-kabu in je ɗaukar yara. Na yi magana, an ce ina da rowa.

Tsohon ma'aikaci: Ka hana shi makulli mana! Kunyar nan ita ke kashe mu. Ke kuma, wanda ya kai miki takardu ba shi ke biyan ki albashi ba.

Mai tambaya: Baba, ba ku san Hajiya ba. Ba muguwa ba ce. In na kai ƙara, kafin magariba gwaggo ta ji, da wane ido zan shiga Birni?

Maman biyu: To gwaggon za ki gaya wa, su yi ta tsakaninsu.

Tsohon ma'aikaci: A'a! Maganar biro ta shiga gida, ta lalace ke nan. Kuma har yanzu ba ki ce komai kan mai duƙowar ba. Kin taɓa ce masa ya matsa?

Mai tambaya: Na juya teburin, bayana ya koma bango. Yanzu ta gefe yake tsayawa. Amma ni maganar Hajiya na kawo.

Ɗan Zango: Yau ma ya ɗauki babur ɗin.