Me za mu kira "sinoftik" da Hausa?

Jama'a, ina shirya darasin ɗalibai a kan Bisharun Matiyu da Markus da Luka, sai kalmar "sinoftik", sunan da ake kiran su ukun da shi, ta tsaya mini a wuya. Daga Helenanci take: "sun" tare, "opsis" gani. Ta bazu ne bayan Johann Griesbach, masani Bajamushe, ya buga littattafan nan uku a jere a 1776, kowanne da layinsa a shafi guda, mai karatu ya dube su lokaci ɗaya. Yahaya bai shiga jerin ba don tsarinsa daban ne.

Wani dattijon fasto ya ce, "Malam, ka ce 'yan uku mana, ka huta." Na yi dariya, kuma sunan ya yi mini daɗi a baki. Amma Baba, 'yan uku rana ɗaya ake haifarsu. Yawancin masana kuwa suna ganin Markus ne ya riga, wajen shekara ta 70 miladiyya, sauran biyun suka ɗebo daga gare shi. Kusan duk abin da ke cikin Markus za ka same shi a Matiyu. Yaya da ƙanne ne ke nan.

"Bisharu masu kama da juna" kuma ya yi tsawo, ga shi ya yar da maganar gani ɗin. Ni dai na tsaya a kan "Bisharun gani-tare". Na gwada shi a aji, ba wanda ya nemi ƙarin bayani bayan na zana layuka uku a allo.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce Q, sunan da masana suka sa wa tarin maganganun Yesu da Matiyu da Luka suka kawo amma babu su a Markus. Daga "Quelle" na Jamusanci aka yanko harafin, wato mafari. "Majiya" ta zauna daram, har na rubuta M a takardata. Sai na tuna B. H. Streeter, masani ɗan Ingila, ya riga mu tun 1924: M na abin da Matiyu kaɗai ya kawo ne, L na Luka. Dole na goge.

Don haka "Majiyar Q" nake cewa, ko da yake babu harafin a bokonmu. Ɗalibai "kiyu" suke furtawa, na ƙyale su. Wanda ke da wadda ta fi, ya kawo kafin Litinin, ranar zan kai wa mai buga takarda.