Neman shawara: Yankari da tirela a bayan mota, ga ƙananan yara uku

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wani ƙauye nake a yankin Birnin Kudu. Hutun Disamba ina so in kai iyali Yankari, ni da uwargida da yara uku, masu shekara 7 da 4, sai na goye ɗan wata 18. Sienna ce motar, kuma mai walda ya haɗa min ƙaramar tirela mai taya biyu da zan loda tanti, katifu, ruwa da kayan girki. Kwana biyu za mu yi. Ban taɓa jan tirela ba. Me ya kamata in kiyaye?

Bakanike daga Wudil: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da lodi, don nan ake samun matsala. Kaya masu nauyi, jarkokin ruwa da tukunyar gas, su zauna a ƙasa, gaba da tayoyin tirelar kaɗan. Kusan kashi 60 cikin 100 na kayan su kasance a gaba, yadda kashi 10 na nauyin tirelar zai sauka a kan ƙugiyar motar. In nauyi ya koma baya, kana kai gudun 70 ko 80 za ta fara wutsiya, tana jan gindin motar hagu da dama. In ta fara, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe har ta natsu, sannan ka tsaya ka gyara lodin.

Tunda ta walda ce, da wuya tana da birkinta, don haka ita da kayanta kada su wuce kilo 450, iyakar da Toyota ta sa wa Sienna in tirela ba ta da birki. Ƙugiyar kuma a ɗaure ta da noti a jikin shasi, ba a bamba ba. A sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan tirelar, ko da ta kuɓuce sarƙar ta tallafe ta. A buɗe boris na tayoyin tirelar a cika giris. Bayan kilomita 20 na farko ka tsaya ka ɗora hannu a tsakiyar taya: ɗumi ba komai, amma in ba ka iya barin hannunka a kai, boris na cin kansa.

Direban Dutse: Ƙari a kan na Oga: fitilar birki da sigina su yi aiki a tirelar, ga kuma safayarta daban, don ta Sienna ba lallai ta shiga ba. Ka tashi bayan asuba, ka bi Ningi zuwa Bauchi, ka cika tanki a nan. Daga Bauchi hanyar Gombe za ka ɗauka, a Dindima ka karya zuwa Mainamaji, ƙofar shiga Yankari. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran kimanin kilomita 40 cikin daji, saboda haka kada la'asar ta same ka a Bauchi. A kwana ka buɗa sosai, tirela tana yanke kwana. Kafin ranar ka je filin makaranta ka koyi ribas da ita.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. To in babbar yarinyar ta gaji, ba za ta iya kwanciya a katifa cikin tirelar ba?

Direban Dutse: A'a Alhaji, don Allah ko na minti ɗaya. Babu bel, babu abin da zai kare ta, ga hayaƙin salansa yana komawa can. Duk yaran a kujerar baya, a ɗaure, na goyen a kujerarsa ta yara.

Anti Nas: Baban Ummi, abin da ya fi damuna dare ne. Disamba hunturu ne, za a so a shigar da kurfoti cikin tanti don jin ɗumi. Kada a yi. Gawayi da janareta suna fitar da iskar da ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma yara ta fi saurin kamawa. Bargo, hula da safa sun wadatar. Kowa ya kwana a gidan sauro. A tafi da ORS da zinc da farasitamol na yara. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta ake damawa, abin da ya kai awa 24 a zubar. Ruwan sha da girki ku lissafa lita 5 ga kowane mutum a rana, jarka biyu masu lita 25 ke nan. Da safe a kakkaɓe takalma saboda kunama.

Malamin gandun daji: Ka kira ma'aikatan Yankari tun daga gida ka ji inda aka yarda a kafa tanti, in ba haka ba ka kama ɗaki. Gwaggon biri a Wikki ba ya tsoron mutum, yakan fizge leda daga hannun yaro, don haka abinci a kulle a mota, a ɗaga gilashi. Akwai ƙudan tsando, a sa wa yara riga mai dogon hannu mai haske, ban da baƙa da shuɗiya. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki da ake wanka a ciki ɗuminsa digiri 31 ne, garau har kana ganin yashin ƙasa, shi ya sa yaro ke raina zurfinsa. Ɗan shekara 4 da na goyen kada su shiga sai hannun babba na riƙe da su.