Shin kai yaro mai buƙata ta musamman wurin dawaki yana da amfani na gaske?

Maman Yara Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar gani da ido. Ɗana na tsakiya shekarunsa tara, kuma tun yana ɗan shekara huɗu likitoci suka tabbatar mana cewa yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Maganarsa ba ta wuce kalma biyu ko uku a jere, ƙara tana firgita shi ƙwarai, kuma idan aka zaunar da shi a aji ba ya cika minti goma bai miƙe ba. Malamarsa ta ba mu shawarar mu riƙa kai shi sau ɗaya a mako wata cibiya da ake koyar da yara irinsa a fili tare da dawaki, ta ce ta ga yaran da suka samu natsuwa ta wannan hanya.

Ni dai zuciyata ta rabu biyu. Yaron da ƙarar babur ke sa shi toshe kunnuwa ya durƙusa a ƙasa, yaya zai yi idan doki ya yi haniniya a kusa da shi? Idan kuma ya faɗo fa? Bayan haka, mun sha kai shi wuraren da aka cika mana baki, muka dawo hannu rabbana, ba na kuma so in sake ɗora wa kaina buri a kan abin da ba shi da tushe. Shin wannan abu magani ne, ko karatu ne, ko kuwa wasa ne da aka yi wa ado da suna? Me ya kamata in tambaya kafin in amince?

Likitar Gashin Ƙashi ta amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba ki ladan ɗawainiya. Tambayarki ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin abubuwa uku ne mabambanta ake yawan haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai wanda ake kira hipoterafi, daga kalmar Girkanci mai ma'anar doki, wanda ƙwararren likitan gashin ƙashi ko na gyaran magana ke gudanarwa, shi kuma doki kayan aiki ne a hannunsa. Akwai koyon hawa da aka daidaita da halin mai lalura. Sannan akwai karatu a ƙasa ba tare da hawa ba, inda yaro ke goge doki, ya ba shi abinci, ya ja shi da ragama. Ki tambaye su wanne suke yi, kuma wa ke yin sa.

Na farkon shi ne fagena, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Idan doki yana tafiya a hankali yakan yi taku kusan 100 a minti ɗaya, kuma kowane taku yana motsa ƙugun wanda ke kansa gaba da baya, dama da hagu, tare da ɗan juyi, kusan irin motsin da ƙugun mutum ke yi idan yana tafiya da ƙafafunsa. Yaron da bai taɓa tafiya daidai ba sai jikinsa ya ɗanɗani wannan motsi, kuma dole tsokar bayansa da ta cikinsa su riƙa gyara zamansa a kowane taku don kada ya karkace. Zafin jikin doki yana kusan digiri 38, ya ɗan fi namu, shi ya sa sau da yawa ake cire sirdi a shimfiɗa ɗan bargo kawai, domin ɗumin ya ratsa cinyoyin da suka sanƙare su saki. Wannan ya fi amfanar yaran da gaɓoɓinsu suka shanye saboda raunin ƙwaƙwalwa tun haihuwa.

Abin ba sabo ba ne. Wata mahayiya 'yar ƙasar Denmak mai suna Lis Hartel ta kamu da shan inna a 1944 tana da shekara 23, ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa, har sai an ɗora ta a kan doki an kuma sauko da ita. Duk da haka ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, ta sake cin wata a 1956. Nasararta ce ta jawo hankalin likitoci a Turai ga lamarin. A 1969 aka kafa ƙungiyar RDA a Birtaniya domin hawan masu nakasa, a shekarar kuma aka kafa takwararta a Amurka wadda yanzu ake kira PATH International.

Game da lalurar ɗanki kuwa, a 2015 masu bincike a Jami'ar Colorado ƙarƙashin Robin Gabriels sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da yara sama da 100 masu otizim, 'yan shekara 6 zuwa 16. Sun raba su gida biyu na tsawon mako goma, wasu suna hawa, wasu suna ayyukan barga ba tare da doki mai rai ba. Waɗanda suka yi hawan sun fi samun raguwar saurin fushi da rashin zama wuri ɗaya, kalmomin da suke furtawa kuma sun ƙaru. Wannan sakamako ne mai ƙarfafa zuciya, amma ba waraka ba ce, kuma ba ya maye gurbin gyaran magana ko makaranta. Duk wanda ya ce miki doki zai raba yaronki da otizim, ki kama hannun ɗanki ki bar wurin.

Mai Aikin Barga ya amsa:

Hajiya, ni ba likita ba ne, amma na shafe shekaru ina riƙe ragama a irin wannan aiki, don haka zan yi magana a kan tsoron da kika ambata. Dokin da ake zaɓa wa waɗannan yara ba matashi mai zafin kai ba ne. Yawanci wanda ya manyanta ne, an kuma daɗe ana saba masa da keken guragu, da ƙwallon da ake jefawa a gefensa, da ihun da ke tashi ba zato, har sai an tabbatar ba ya zabura. Idan za a hau, mutum ɗaya yana gaba riƙe da ragama, biyu suna tafiya a gefe da gefe hannuwansu a kan cinyoyin yaron, shi kuma yana sanye da hular kwano wadda ta yi masa daidai. Tafiya ce ta sannu, babu sukuwa.

Amma ni a ganina, yaro irin naki bai kamata a fara masa da hawa ba. Na tuna wani yaro da aka kawo mana, wanda ranar farko ko shingen bai yarda ya taɓa ba, sai ya tsaya can nesa yana kaɗa hannuwansa yana kallon wata goɗiya da ke cin ciyawa. Ba mu matsa masa ba. Mako na uku ne ya karɓi buroshi, ya kai shi kafaɗarta ya yi saurin janyewa, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba. Bayan wani lokaci sai ya zama idan ya zo yakan kwantar da kumatunsa a wuyanta ya yi shiru, yatsunsa cikin gezarta, numfashinsa yana sauka a hankali har ya kusa daidaita da nata. Mahaifinsa ya tsaya a bakin shinge yana share ido, ni ma ban iya cewa komai ba.

Dalilin da nake gani shi ne doki ba ya yi wa yaro tambaya, ba ya kuma neman a kalle shi cikin ido. Dabba ce da a daji farautarta ake yi, saboda haka kullum tana lura da motsin abin da ke kusa da ita. Idan yaro ya zo da gaggawa da hayaniya sai ta ja baya, idan ya sassauta sai ta matso, shi kuma ya ga sakamakon halinsa nan take ba tare da kowa ya yi masa faɗa ba. Mukan koya musu karanta kunnuwan doki: idan sun miƙe gaba yana sauraro ne, idan ya kwantar da su baya to ransa a ɓace yake, a ba shi wuri. Mukan kuma koya musu cewa idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko dab da goshinsa, don haka ta kafaɗa ake tunkararsa, ana yi masa magana a hankali. Yaron da ya iya fahimtar cewa doki yana da abin da yake ji ya fara hawa matakalar fahimtar mutane.

Baban Yarinya ya amsa:

Ina so in ƙara wani abu, ba don in sare miki gwiwa ba, sai don kada abin da ya same mu ya same ki. 'Yata tana da lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita take jawo jinkirin girma da koyo, kuma mun taɓa kai ta wani wuri da ake irin wannan aiki. Babu wanda ya tambaye mu takardar likita, babu wanda ya zauna da mu ya ji halinta. Ranar farko suka ɗora ta a kan doki da mutum ɗaya kacal a gefenta, hular da suka sa mata kuma tana rufe mata ido. Da dokin ya juya sai ta zame gefe, Allah Ya sa mutumin ya tare ta kafin ta kai ƙasa, amma ta yi kwanaki tana firgita cikin barci. Da na gaya wa likitarta sai ranta ya ɓaci matuƙa, ta ce bai kamata a ɗora yarinyar ba sai an duba wuyanta. Har yau ina jin nauyin wannan sakaci a zuciyata, domin ni ne na miƙa ta da hannuna ban yi tambaya ba.

Likitar Gashin Ƙashi ta sake amsawa:

Malam, Allah Ya ƙara tsarewa, kuma likitarku ta yi gaskiya. Wasu daga cikin masu lalurar Down suna da sassauci tsakanin ƙasusuwa biyu na farko na wuya, waɗanda ke ɗauke da kai, kuma girgiza ko faɗuwa na iya taɓa lakar da ke ciki, shi ya sa cibiyoyin kirki ba sa ɗora su sai da izinin likita. Haka ma mai farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, da mai gocewar ƙashin ƙugu, da mai karkacewar ƙashin baya mai tsanani, da wanda ƙasusuwansa ke saurin karyewa. Mai asma ko wanda gashin dabba da ƙurar ciyawa ke tayar masa da ciwo shi ma a fara tuntuɓar likita, a kuma tabbatar rigakafin tetanus ɗin yaro bai wuce lokaci ba. Wurin da bai nemi bayanin lafiyar yaro ba kafin komai ya riga ya nuna muku yadda yake aiki.

Malamin Yara Masu Buƙata ta Musamman ya amsa:

Malama, ni ɓangaren karatun zan taɓa, tunda kin ce ba ya iya zama a aji. Sau da yawa ba karatun ne yaro ya ƙi ba, ɗakin ne ya fi ƙarfinsa: hasken fitila, da amsa-kuwwar muryoyi tsakanin bango huɗu, da kujerar da aka ce kada ya tashi daga kanta. A fili kuwa ƙara tana bajewa, kuma motsi ba laifi ba ne. Lissafi yana cikin auna abincin doki da ƙirga kofato huɗu da za a tsabtace ɗaya bayan ɗaya. Bin tsari yana cikin sanin cewa sai an goge baya kafin a ɗora sirdi, sai an ɗaure majayi kafin a sa ƙafa a likkafa. Magana kuma tana samun dalili, domin dokin ba zai motsa ba sai yaron ya ce a tafi, ko da kalma ko da alama, kuma yaron da ya ga dabba mai nauyin kilo ɗaruruwa ta bi umarninsa yakan so ya sake gwadawa.

Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado wadda ita ma take da otizim, ta sha bayyana cewa aikin share bargar dawaki a makarantar kwanan da ta yi lokacin ƙuruciya ne ya koya mata riƙe aiki da ɗaukar nauyi. Shawarata ita ce ki sa malamarsa da mutanen cibiyar su amince a kan manufa ɗaya ko biyu da za a iya gani, misali ya jira layinsa ko ya nemi abu da kalma, a rubuta, a duba bayan mako takwas ko goma. Abin da ya koya a barga kuma a riƙa maimaita shi a gida da aji da kalmomi iri ɗaya, in ba haka ba zai iya tsayawa can wurin dokin.

Maman Yara Uku ta dawo:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Baban yarinya, labarinka ne ya sa na je wurin ni kaɗai jiya kafin in kai ɗana. Sun ba ni takardar da likitansa zai cike, sun ce makonnin farko a ƙasa zai yi su, sun kuma yarda in ɗauki hoton dokin da za a haɗa shi da shi. Tun da na dawo hoton yake hannunsa, ya sa yatsa a kan kunnuwan dokin ya daɗe yana kallo, da dare ma da shi ya kwanta. Matsalar da na hango yanzu ita ce hular kwano, domin ba ya yarda a ɗora masa komai a ka, ko aski sai mun yi da gaske. Mai aikin barga, shin zan iya neman su ara mini ɗaya in riƙa saba masa da ita a gida kafin lokacin hawan ya zo, kuma ta yaya kuke fara sa wa yaron da ke ƙin ta?