Kango ko gidan gado, wanne ya fi dacewa da mai farawa?

Sadiq_Waya

Slm 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gidaje a Kano. Ni kayan waya nake sayarwa, na ɗan tara abin da ya kai miliyan 15, kuma gsky tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta zube nake ganin ajiye kuɗi a banki asara ce kawai. Wani abokina yace in manta da sabon gida, in nemi irin wanda ya lalace ko kangon da mai shi ya kasa ƙarasawa ko na gado da magada suke neman kai da shi, in gyara in sayar ko in zuba 'yan haya.

Yanzu dillali ya nuna min guda biyu. Na farko kango ne a can wajen Ɗanbare, ɗaki huɗu, an kai linta aka tsaya, ba rufi, ya sha damina da yawa a haka, mai shi jinya ce ta kama shi yake neman kuɗi, awon igiya ne takardar mai unguwa kawai gare shi. Na biyu tsohon gida ne a Ɗorayi, rabi ginin ƙasa rabi bulo, akwai 'yan haya a ciki, babban ɗan mamacin ne yake sayarwa, kuma kuɗin da ya yanka ya yi ƙasa sosai da yadda gida yake a layin. Dillalin sai kira yake wai akwai Alhajin da zai kawo kuɗi ranar Litinin. Wanne zan kama? Sannan gwanjon gidajen da banki ke ƙwacewa, irinmu muna iya shiga?

Baban_Khalifa

Wslm ƙanina. Kafin komai, wannan Alhajin na ranar Litinin kar ya ɗaga maka hankali, kowane dillali yana da irinsa a aljihu. In da gaske ne ya saya Allah Ya sa alheri, gidaje ba su ƙare a Kano ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk gidan da ka ga ya yi araha akwai dalili, aikinka shi ne ka gano dalilin kafin ka biya. Ni yadda nake kallon abin, matsalar gida iri biyu ce, akwai wadda siminti da birkila za su gyara, akwai wadda sai alƙali. Ta farko kana iya zama da biro ka lissafa ta, rufi kaza filasta kaza sokawe kaza, ka cire daga kuɗin gidan ka ga ko da riba. Ta biyu ba wanda ya isa ya faɗa maka nawa za ta ci ko shekara nawa za ta ɗauka, kotu tana cewa ba shiga ba fita shikenan kuɗinka sun kwanta kana kallon gidanka daga bakin titi. Mai farawa da jari ɗaya tal ba shi da hurumin shiga ta biyu.

Na Ɗorayin nan kalmar da ta tsaya min ita ce “babban ɗa ne yake sayarwa”. Zama babba ba ya ba mutum ikon sayar da rabon ƙannensa. Tambayi su nawa ne magadan, mata nawa mamacin ya bari, akwai marayu ƙanana, akwai wadda take aure a wani gari ko wanda yake Saudiyya ko Libiya ba a ji daga gare shi ba. An raba gadon a kotun shari'a ko kuwa a zaure aka yi magana? In an raba a kotu akwai takarda, a nuno maka ita, kai ma ka je kotun da ƙafarka ka tabbatar. In ba a raba ba kace musu kana so amma a kai maganar gaban alƙali a yi cinikin a can, kowa ya sa hannu kowa ya karɓi nasa. Wanda yake da gaskiya ba zai ƙi ba, sai dai yace zai ɗau lokaci. In ka ga ransa ya ɓaci ya fara cewa ai ni ne uba a gidan yanzu, to ka gode masa ka sa takalminka.

Kuma kar ka zuba miliyan 15 ɗin duka a saye. Ko kusa. Wanda ya sayi kango da kuɗinsa kaf shi ma kangon zai sayar wa wani nan gaba, haka yawancinsu suke samuwa ai. Ka tuna farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu 10, mutane da yawa a nan gininsu ya tsaya cak, lissafin da suka yi wata uku baya ya tashi a banza. Ga la'adar dillali galibi kashi 5, ga lauya, ga safiyo, ga goron mai unguwa.

Injiniya_Bichi

Ni ta ɓangaren ginin zan yi magana. Kangon da ya daɗe ba rufi ba lallai ya mutu ba amma kar ka yarda da ido. Samu ƙusa ko mukulli ka kankari bulon, in yana zuba kamar gari to dama tun farko an cuci simintin. Duba rodin da aka bari a waje a kan fila, in tsatsa ta ci shi har yana ɓarewa sai an sare an yi gyara. Tsagewa siririya a filasta ba komai ba ce, wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana buɗewa, wannan ƙasa ce take zama da ginin. Biya lebura ya haƙa gefe ɗaya a ga zurfin fandeshan da idonka, kuɗin yini ɗaya ne.

Sai ruwa. Unguwanni da yawa a Kano kududdufi aka cike da shara aka yanka filaye, gini a irin wurin kullum ƙasan bango a jiƙe fenti yana kumbura, ka gyara bana baɗi ya dawo. Lokacin ganin gaskiyar gida watan Agusta ne bayan an tafka ruwa, in ba za ka iya jira ba duba bangon maƙwabta za ka ga layin inda ruwa yake tsayawa, ko ka zauna wajen mai shayin layin ka tambaya, shi ba la'ada zai karɓa ba.

Tsohon gida mai ginin ƙasa kuwa ka lissafa shi a matsayin fili kawai, har ka ƙara kuɗin rushewa da kwashe ƙasa. Sannan a duba bashin wuta, don sau da yawa sabon mai gida kamfanin wuta yake bi.

Barista_H

Sadiq bari in ƙara kan abin da Baba ya faɗa. A dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, abin da kake saya izinin zama ne, satifiket ɗin gwamnati ma, wato C of O, galibi shekara 99 ake rubutawa. Kuma sashe na 22 yace mai satifiket ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Don haka in gida yana da C of O a je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, a yi bincike a fayil, a ga sunan wa yake ɗauke da shi kuma ba a jinginar wa banki ba. In aka nuna maka fotokwafi aka ce asalin ya ɓata, sau da yawa bai ɓata ba, yana ajiye a wani banki ko wajen wanda ake bin mamacin bashi.

Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfani, amma ba ta hana rusau. Kai safiyo ya ɗauko ma'aunin wurin a duba a ma'aikatar ƙasa da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ko ya faɗa kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babban layin wuta, ko filin makaranta ko maƙabarta. Kowa ya ga abin da ya faru a Yunin 2023, gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, masu su da takardun gwamnatin da ta gabata a hannu aka rushe. Duk abin da asalinsa filin gwamnati ne aka yanka, komai arahar sa ni ba na ba ɗan uwana shawara.

Gwanjo kuma. AMCON da aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna tana sayar da kadarori, amma yawanci manya ne, otal, masana'anta, gidajen Legas da Abuja, ba na miliyan 15 ba. Wanda zai iya zuwa daidai aljihunka shi ne wanda kotu ta sa a sayar don biyan bashi. Shi ma ka sani akwai kwana 21 bayan an buga ƙararrawa da mai gidan zai iya neman a soke cinikin, kar ka kai ko bulo ɗaya kafin su wuce a ba ka takardar kotu. Kuma sau tari mai gidan yana ciki da iyalinsa, fitar da shi wani aiki ne daban.

'Yan haya ma haka, ba a cire musu kwano ko ƙofa, kai za ka koma mai laifi. Mai biyan shekara in ba wata yarjejeniya notis ɗin wata 6 ne, sannan na kwana 7, sannan kotu. Tambaye su da bakinka har zuwa yaushe suka biya, don wani magajin yana karɓar kuɗin shekara biyu gaba ya cinye.

Na_Kurna

Haba Barista kun tsorata yaron nan wlh. In sai mai satifiket za a saya to rabin Kano ba mai gida kenan, Kurna Rijiyar Lemo Ɗorayi Sheka ai yawanci awon igiya ne kuma mutane suna ciki sun haifi 'ya'ya sun aurar. Ni dillanci nake kuma ba duka muka zama ɗaya ba. Sadiq ni kangon zan ce ka kama in hanya ta fita sosai kuma maƙwabta sun tare, mutum ɗaya ne mai shi yana raye zai sa hannu da kansa gaban shaidu, ga sabuwar jami'ar Bayero (BUK) kusa, ka mai da shi ɗaki da banɗaki ɗaki da banɗaki ɗalibai suna rububi, kar ka sa tayil mai tsada kar ka yi silin na gayu, ruwa kawai ka tabbatar akwai. Daga baya ka nemi takardar gwamnati a hankali. In ka tsaya bincike wata uku wani zai ɗauke, mai jinya ba ya jira.

Maman_Ilham

Na_Kurna maganarka ta ƙarshe ita ta sa zan sa baki. Mai jinya ba ya jira, gaskiya ne, to amma kar wannan ya zama abin da za a murƙushe shi da shi. Sayen kayan wanda ya matsu halal ne in da yardarsa, sau da yawa ma taimako ne don kuɗi a hannu yake nema yau. Amma ka san abu ya kai goma ka tsaya kan huɗu don ka ga uwarsa tana kwance a asibiti, ɗana wannan ribar ba na sha'awar ta. Ka yi tayi na mutunci, ragin da za ka samu saboda kana biya nan take ya ishe ka.

Na gadon kuma akwai abin da ba a ambata ba, shuf'a. A mazhabarmu ta Malikiyya in ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin da ka biya su karɓe. A Risala an ce wanda yake gari haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, wanda ba ya nan kuwa yana nan kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Kaga kenan kana iya gama gyara wani ya sauka daga tafiya. Sannan bashin mamaci da wasiyya ake fara fitarwa kafin rabo, kuma in rasuwar ba ta daɗe ba matar tana da haƙƙin ta ƙarasa takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakinta. Mu mata mu aka fi dannewa a cinikin gidan gado, sai dai kawai ki ji an sayar a miƙo miki abin da aka ga dama. Ka nemi ganin matan da kanka ko ka tura matarka ko yayarka ta shiga ciki ta ji daga bakinsu.

Batun ɗalibai kuma Na_Kurna bai faɗa maka yajin aikin malaman jami'a (ASUU) na 2022 wata takwas ya yi ba, masu ɗakunan haya a wajen sun ji jiki. Kuma dan Allah kar ka ci bashin banki mai ruwa don ƙarasa gini, ko ba maganar haramci ba ruwan ya kai wajen kashi 30 a 2024, kuɗin haya ba ya biyan wannan. In kuɗi sun gaza gara ka samu ɗan uwa ku yi musharaka, wato haɗin jari, a rubuce.

Sadiq_Waya

Ngd sosai Allah Ya saka da alheri, Mama na ji kuma in sha Allah ba zan matse shi ba. Na kira dillalin na tambayi yawan magadan, yace su goma sha ɗaya ne ɗaki biyu, kuma ba a je kotu ba tukuna wai suna gudun kashe kuɗi, don haka na ce masa a ajiye wannan sai sun shirya zuwa gaban alƙali. Kangon zan koma ranar Asabar da safiyo. Injiniya in ka samu sarari ko akwai yaronka da zai biyo mu ya duba fandeshan ɗin, nawa ake ba su na irin wannan fitar?