"Allah ɗaya, gari bamban": ana korar mutum da wannan magana?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na raka abokin aikina neman ɗakin haya a nan Kaduna. Bahaushe ne Kirista, shekara shida muna koyarwa a makaranta ɗaya, ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. An daidaita kan kuɗi, har mai gidan ya ɗauko makulli, sai ya tambayi cikakken sunansa. Yana ji ya mayar da makullin aljihu, ya ce, "Yi haƙuri ɗana, Allah ɗaya, gari bamban." Muka fito, har bakin titi ba wanda ya ce uffan. Tun ina yaro nake jin wannan karin magana, amma ban taɓa ganin an rufe wa mutum ƙofa da ita ba. Haka ma'anarta take, ko dattijon ya ɗora mata abin da ba nata ba?

Malam na Zaure:
Wa alaikumus salam. Ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Wannan maganar matafiyi ce. Falke ya bar Kano cikin ayari, ya yi watanni a hanya kafin ya isa Gwanja sayen goro, ya tarar gaisuwarsu daban, tuwonsu daban, aurensu daban. Sai ya ce Allah ɗaya, gari bamban, wato kada ka yi mamaki, kada kuma ka raina. Baƙo ne ke horar da zuciyarsa da ita. Kuma ku lura da abin da aka fara ambata: Allah ɗaya. Wanda ya riƙe ƙarshen maganar ya saki farkonta, rabin karin magana ya faɗa.

Mai Kanti:
Allah gafarta Malam, ban ƙi taka ba, amma a yi wa dattijon nan uzuri. Duk wanda ya ga rikicin Kaduna na shekarar 2000 ya san abin da ya sa garin ya rabu biyu, galibin Musulmi suka taru a arewacin kogi, galibin Kiristoci a kudu. Ni kantina ya ƙone a lokacin. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na biyu kuma, addini da kansa ya ce a rarrabe. Ɗaya daga sunayen Alƙur'ani Furƙan ne, mai raba gaskiya da ƙarya. In aka ce duk kanwar ja ce, kowa da kowa ɗaya, to ina amfanin hankali?

Uwar Biyu:
Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Amma abu biyu ka haɗa a kwano ɗaya. A Hausa akwai bambancewa, akwai nuna bambanci. Tushensu ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba. In zan dafa shinkafa, nakan zuba a faifai in tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, da idona. Wannan ita ce bambancewa. Nuna bambanci shi ne in zubar da buhu guda ban ko kwance bakinsa ba, don kawai an ce daga kasuwa kaza ya fito. Da mai gidan ya tambayi maƙwabtan malamin nan halinsa, ko yana biyan haya, ko yana shaye-shaye, da na ce ya yi aiki da hankali. Suna kawai ya ji.

Malam na Zaure:
Hajiya ta gama magana, ni dai zan kawo hujja. Masu tafsiri sun ce ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105 sun sauka ne kan wani Musulmi a Madina da ya saci sulke, aka jingina satar ga wani Bayahude. Dangin ɓarawon suka zo suna neman a wanke nasu. Sai wahayi ya sauka ya hana a tsaya wa maha'inci, Bayahuden ya kuɓuta. Ka duba lokacin da wannan ya faru, Alhaji: akwai zaman doya da manja tsakanin Musulmi da wasu ƙabilun Yahudawa, amma hakan bai sa an bar marar laifi ya ɗauki laifin wani ba. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuwa ta faɗa ƙarara cewa kada ƙin wasu mutane ya kai ku ga barin adalci. Furƙanin da ka ambata yana raba aƙida da aƙida, gaskiya ne, ba wanda ya ce a narkar da addinai a tukunya ɗaya. Amma in aka zo kan ciniki da haya da shari'a, abin da yake rabawa shi ne mai gaskiya da maƙaryaci, ko wane ne shi.

Ɗan Malumfashi:
Ni Kirista ne, kakannina Maguzawa ne, kuma irin wannan ta sha faruwa da ni. Abin da ya fi ciwo shi ne a ce mini "gari bamban" alhali ba ni da wani gari sai ƙasar Hausa, ba ni da wani harshe sai wannan. Amma zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa mu: a wasu unguwannin Kiristoci ma ana hana Musulmi haya, na gani da idona, kuma littafinmu ya hana. Wasiƙar Yaƙub sura ta 2 ta kira nuna bambanci zunubi, ta ba da misalin mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau, talaka kuma a ce ya tsaya can. Littafin Firistoci 19:15 ya ce a shari'a kada a goyi bayan matalauci don talaucinsa, kada a fifita babba don girmansa. A ɗaya gefen, abin da Sarki Sulemanu ya roƙi Allah shi ne zuciyar da za ta rarrabe nagarta da mugunta, da ita ya gane uwar jariri ta gaskiya tsakanin mata biyu. Ka ga mu ma an ce mu rarrabe, an kuma hana mu wariya.

Ɗaliba a Indiya:
Baba Malam, a ba ni dama in ƙara kaɗan daga inda nake karatu. Malaman Hindu suna da kalma, viveka, ma'anarta iya tantance abu mai ɗorewa daga mai gushewa. Suna misalta ta da wani tsuntsun ruwa, hamsa, da suke cewa yana iya shanye madara ya bar ruwan da aka gauraya ta da shi. Amma a wannan ƙasar dai aka yi ƙarnoni ana ƙyamar taɓa wasu mutane saboda gidan da aka haife su, har sai da tsarin mulkin 1950 ya haramta hakan a sashe na 17. Har yau ana fama da ragowarsa.

Mai Kanti:
Na ji hujjojinku, kuma ba zan yi jayayya da aya ba. Sai dai tsoro ba ya fita daga zuciya don an karanta wa mutum nassi. Wanda bai kwana a barikin soja da 'ya'yansa ba, ba zai gane ba.

Uwar Biyu:
Gaskiya ne Yaya, ban kwana ba, kuma ba na raina abin da ka gani. Amma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, Jihar Filato, shi ma cikin tsoro yake a watan Yunin 2018, 'yan bindigar da suka kai hari yankin na tsaye a ƙofarsa, duk da haka ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su. Tsoho ne mai shekara sama da 80 a lokacin.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode muku duka. Abokina ya ce in bar maganar, ya saba. Wannan "na saba" ita ta hana ni barci. Dattijon nan masallaci ɗaya muke sallar Juma'a da shi, kuma ɗakin har yanzu ba kowa a ciki. Ina so in koma in same shi, amma a haife ya haife ni, ba zan iya yi masa wa'azi ba. Malam, in na turo maka lambata ta akwatin sirri, za ka iya raka ni ranar Asabar bayan La'asar?

Malam na Zaure:
Turo. Mu saya masa goro a hanya, kuma ka bar ni in fara magana.